Daga Goyon Inna Zuwa Allon Makaranta: Yadda Ɗan Gobir Ke Samun Kalmominsa

Duk wanda hanya ta bi da shi ta gefen wata makarantar firamare a Sabon Birni ko Isa da hantsi, a ranakun da hali ya bari aka buɗe ta, zai ji amo yana tashi daga azuzuwa tun kafin ya hangi ginin: malami ya faɗi kalmar Turanci, yara sittin ko fiye su amsa da murya ɗaya, ya sake faɗa, su sake amsawa, har kalmar ta zauna a kunnen yarinyar da ke tallan ƙosai a bakin ƙofa, wadda ba a taɓa rubuta sunanta a rajista ba. Amma idan aka tashi tara, ka kira ɗaya daga cikin masu ƙarfin muryar nan ka tambaye shi ma'anar abin da ya yi ta nanatawa, galibi sai ya sunkuyar da kai.

Alhali kuwa wannan yaro da ake shirin yi wa hukuncin daƙiƙanci a aji, in ka bi shi gonar mahaifinsa ko bakin Gulbin Rima, sai ka tarar malami ne mai zaman kansa, domin zai rarrabe maka gero da maiwa tun ba su fid da kai ba, ya gaya maka lokacin firi da lokacin maimai, ya bambanta maka ƙaiƙayi da dusa da tsaki, ya kuma kira tarwaɗa da ƙurungu da gaiwa da ragon ruwa kowanne da sunansa, ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi ya ce masa maimaita ba.

Mas'alar da ke damun iyaye da malamai ke nan: yaya aka yi dubban kalmomi suka shiga kan yaro a gida ba da bulala ba, amma 'yan ɗaruruwa suka gagara shiga a makaranta cikin shekara shida? Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, da fitinar ɓarayin daji ta raba yara masu yawa da gonaki da kakanni, wato da wuraren da suke samun kalmomin tun asali.

Tun yana goye

Malamanmu na tafsiri, idan suka iso ƙissar Annabi Adamu, alaihis salamu, a cikin Suratul Baƙara, sukan dakata su yi dogon bayani a kan cewa sunayen abubuwa ne Allah Maɗaukakin Sarki ya sanar da shi, kuma da wannan sani aka bayyana darajarsa a gaban mala'iku. Ko mutum bai zurfafa a tawili ba, ya ga ishara cewa sanin sunan abu shi ne ƙofar sauran ilmi, wanda kuwa aka rufe wa wannan ƙofa, ko hisabi ko fiƙihu aka kawo masa, daga waje zai tsaya.

Masu binciken zamani sun gano cewa aikin yana farawa tun yaro bai buɗe baki ba. A 1996 wata masaniya a Amurka, Jenny Saffran, ita da abokan aikinta, suka nuna cewa jariri ɗan wata takwas, idan aka jiyar da shi gaɓoɓin magana a jere ba tsayawa na kamar minti biyu, yakan gane waɗanne gaɓoɓi ne ke yawan tafiya tare, ma'ana yana yanka zance zuwa kalmomi alhali bai san manufar ko ɗaya ba. Saboda haka jaririn da ke goye a bayan uwa tana surfe tana hira da kishiyarta, wanda ake zaton barci yake yi, karatu yake ɗauka.

Kalmar farko takan fito wajen cikar shekara guda. A shekara ɗaya da rabi yawancin yara sun mallaki kamar kalma hamsin, daga nan kuma sai abin ya ɓalle, har ya zama kafin shekara shida, bisa ƙiyasin da aka yi a kan yaran da ke tashi da Turanci, yaro ya san wajen kalma dubu goma. Wanda ya buga lissafi zai ga kalma biyar ko shida ke nan a kowace rana ta Allah, kuma babu malamin da ya isa ya biya wa ɗalibi wannan adadi ɗaya bayan ɗaya.

Yadda yaro ke yi kuwa, Susan Carey da Elsa Bartlett sun bayyana shi a 1978 da wata 'yar dabara: aka ajiye faranti biyu masu launi daban, aka aiki yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su ɗauko ɗaya, aka kira launinsa da wani suna da ba su taɓa ji ba, aka ce ba wancan da suka sani ake nufi ba. Yaran suka ɗauko daidai, kuma bayan kwanaki da dama wasunsu suna riƙe da wani abu na ma'anar. Yaro dai yakan auna abin da bai sani ba da abin da ya sani, ya cafke ma'ana daga halin da aka yi maganar.

Sai dai wannan cafka ta farko ba ita ce sani ba. Kalma kamar baƙo ce da ya sauka a gari: ranar farko fuskarsa kawai ka gani, sai kun haɗu a masallaci, kun haɗu a kasuwa, kun zauna a wurin suna da wurin makoki, sannan za ka iya cewa ka san halinsa. Shi ya sa yaro kan ɗauki watanni yana kiran kowane namiji baba, ko ya yi jam'i bisa ƙiyasi ya ce akuyoyi inda dattijan garinsu ke cewa awaki, kafin yawan ji ya daidaita masa harshe.

Wa ke yi wa yaro magana?

A 1995 Betty Hart da Todd Risley suka fitar da sakamakon bibiyar iyalai arba'in da biyu a Kansas ta Amurka, inda suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu ɗan masu hali ya ji kalmomi kimanin miliyan talatin fiye da ɗan matalauta. Adadin ya zagaye duniya, ya kuma jawo musu, domin daga baya wasu masana sun ce iyalan sun yi kaɗan, kuma an ƙirga maganar da aka fuskanci yaro da ita ne, aka bar wadda yake ji ana yi a gefensa, wadda a gida mai yawan jama'a ba ta da iyaka.

Wannan musu ya shafe mu kai tsaye. A al'adar Bahaushe uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma da Bature mai ƙirga kalmomi zai zauna a tsakar gida a Gatawa ko Bafarawa ya sa ido a kan uwa kaɗai, da ya rubuta cewa an bar yaron cikin shiru. Abin da zai kuskure masa shi ne al'ada ta riga ta raba aikin ga wasu bakuna.

Akwai 'yar goyo, yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas da ke yawo da shi daga gida zuwa dandali tana yi masa surutu. Akwai gwaggo da inna da matan gida. Fiye da kowa kuma akwai kaka, wadda ake kai wa yaro yaye tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wato daidai lokacin da harshensa ke ɓallewa, kuma ita ce al'ada ta halatta wa ta tsokane shi, ta kira shi mijinta, ta ce ya hana ta cefane, ya rama, ta mayar masa. Wannan ba-ni-in-ba-ka na wasan jika da kaka shi ne abin da binciken baya-bayan nan ke nuna ya fi yawan kalmomi amfani, domin yaro ya fi riƙe maganar da aka jira amsarsa a kanta.

Da dare kuma sai tatsuniya da kacici-kacici, inda yaro ke gamuwa da kalmomin da ba a amfani da su wajen aike, irin su makirci da alƙawari da butulci da nadama, a cikin labarin da ke fassara su da kansa. Yarinya mai talla ta koyi ciniki da ƙirga da lafazin girmamawa, ta san wanda ake ce wa ranka ya daɗe da wanda ake ce wa Allah gafarta malam.

Wayar hannu, wadda yanzu take maye gurbin hirar dare a gidaje da yawa, ba ta jiran amsa. Patricia Kuhl da abokan aikinta sun gwada a 2003: jarirai 'yan wata tara da aka kawo wa mutum yana yi musu Sinanci ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa su mutanen a faifan bidiyo kuwa ba su ɗauki kome ba. Yaro babba yakan tsinci kalmomi a fim da rediyo, wannan gaskiya ne, har ma ana jin Kananci da salon fina-finan Indiya masu fassarar Hausa a bakin yaran Isa, amma jariri mutum yake bukata.

Taskar Gobir da Hausar littafi

Ƙasar nan ba baƙuwar fasaha ba ce. A nan kusa kufan Alƙalawa yake, birnin sarakunan Gobir da ya faɗi a 1808, kuma Sabon Birni kansa Gobirawan da suka taso daga Tsibiri ne ƙarƙashin Ɗan Halima suka kafa shi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. A ƙasar Isa aka yi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau malaman jami'a ke zama su yi sharhin lafuzzansa, domin a bakinsa ake jin kalmomin fada da na doki da na yaƙi waɗanda samarin yanzu sai an fassara musu. Dattijon da ya tashi a zamaninsa bai ce doki kawai ba, sai ya ce akawal ne, ko kili, ko danda, ko bidi.

To, yaron da ya tashi a nan yana zuwa makaranta da guro da tonka da sure da kudaku da habɗi, ya buɗe littafi ya tarar da kuɓewa da barkono da yakuwa da dankali da toka. Shi yana cewa munka tahi, littafi yana cewa muka tafi. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano tun zamanin Hukumar Fassara da Hukumar Talifi ta Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki, har aka samu Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930 da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, alheri ce babba, domin ita ta sa Basakkwace da Bahaɗeje ke karanta jarida ɗaya.

Aibin yana wurin malamin da ke ɗaukar kalmar gidan yaro a matsayin kuskure, ya sa aji ya yi masa dariya, maimakon ya ce masa kalmarka daidai ce, ga kuma 'yar'uwarta da ake rubutawa. Yaron da aka kunyata sau biyu a kan harshen uwarsa yakan kame baki, wanda ya kame baki kuwa ya daina gwada sabuwar kalma. Abin mamaki, G. P. Bargery, Baturen mishan da ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934 mai ɗauke da kalmomin Hausa kusan dubu arba'in, bai raina waɗannan kalmomi ba, ya bi ƙasashe ya tattara su, ya sa wa da yawa alamar yankin da ake faɗarsu.

Allo da zaure

Kafin boko ya zo, ƙasar nan tana da hanyoyinta biyu na koyar da baƙon harshe, kuma ya kamata a yi musu adalci, a faɗi ƙarfinsu a faɗi rauninsu. A makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya shiga haɗa kalmomi, ya yi ta wanke allo har ya sauke, ba tare da an nemi ya san ma'anar abin da yake karantawa ba, saboda manufar wannan mataki ita ce kiyaye lafazin Alƙur'ani da gyaran tilawa. Ta cika manufarta, ta kuma horar da kunne da hadda, amma ba makarantar lugga ba ce, kuma malamanta ba su taɓa da'awar haka ba.

Lugga a zaure ake koyonta, a makarantar ilmi. Ɗalibi ya zo da littafinsa, Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, ya karanta kalmar Larabci ko yankin jimla, malam ya ba shi fassararta da Hausa nan take, ya ce na'am, ya ci gaba, har su kai inda malam zai ce a dakata. Ɗalibin ya koma gefe ya yi ta bita, ya rubuta ma'anar kalma mai wuya da ajami a gefen shafi, ya saurari na bayansa ana biya masa darasin da shi ya wuce bara, gobe kuma ya tarar da kalmar jiya a wani babi da wata siga.

Idan ya yi nisa sai a ba shi littattafan da aka tanada musamman domin tara kalmomi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu, ya ambaci cewa a hannun yayansa Shehu Usmanu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida da Ajurumiya. Har yau almajiran ilmi kan karanta Muƙamatul Hariri, maƙamomi hamsin da aka cika da baƙin kalmomi a cikin labarai masu daɗi, domin mai labari ya ja ɗalibi, lugga ta biyo baya. Ibn Khaldun ya riga ya faɗa a Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14 cewa harshe malaka ce da ake samu ta yawan ji da maimaitawa da haddace zancen masu fasaha, kuma sanin dokokin nahawu daban yake da iya magana.

Shehu da jama'arsa, da suka tashi isar da saƙo ga manoma da makiyaya da mata a ƙasar Gobir da Zamfara, da Hausa da Fulatanci suka yi musu wa'azi da waƙa, Nana Asma'u kuma ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar su koyar, zuwa ƙauyuka da waƙoƙin da mata za su haddace. Ta wannan hanya kalmomi irin su hisabi da sahihi da farilla da niyya suka zama na tsakar gida. Raunin zaure shi ne yakan fitar da wanda ke warware littafin Mukhtasar amma ya kasa ciniki da Balarabe, domin an koya masa karatu ne ba zance ba. Duk da haka bai taɓa barin ɗalibi ya wuce kalma bai ji ma'anarta da harshensa ba.

Boko: lafazi ba ma'ana

Abin takaici, makarantar boko ta yankunanmu ta ɗauki amon makarantar allo ta bar fassarar zaure. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a shekarun farko na firamare, a 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida, sannan a ƙarshen 2025 ministan ilmi ya sanar da soke wannan, ya ce a koma Turanci, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masu sukar matakin suka ce ai tsarin da aka soke ba a taɓa ba shi littattafai da horarrun malamai ba balle a auna shi.

Iyaye da yawa suna bayan Turanci, kuma ba a ce ba su da hujja ba, domin da shi ake rubuta jarrabawar WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki, suna kuma ganin 'ya'yan masu hali a makarantun kuɗi na Sakkwato suna yin sa tun suna ƙanana. Malaman firamare su ma suna da kukansu: aji ya cika ya batse, littafi ɗaya ne a hannun malami, wani malamin ma shi kansa Turancin bai zauna masa ba, saboda haka amsa-amo ce kaɗai dabarar da ke riƙe yara da yawa wuri ɗaya.

Amma hujjar bincike ta fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, sun kuma fi su a wasu fannoni. A Nijar ma an fara makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram tun 1973.

Awon karatu da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauci a farkon shekarun 2010, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ya nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, abin da ya jawo shirin Mu Karanta da littattafansa. A nan akwai bambancin da ake yawan mantawa. Yaron da ke koyon karatu da Hausa abu ɗaya ya rage masa, wato baƙaƙe, domin da zarar ya haɗa su ya furta, ma'ana tana jiransa a kansa. Wanda aka fara wa da Turanci kuwa abu biyu ya rasa a lokaci guda, ko ya haɗa baƙaƙen daidai, sauti ne kawai ya fito.

Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan fanni, ya ƙiyasta cewa mai karatu yana bukatar ya san kamar kalma casa'in da takwas cikin kowace ɗari kafin ya fahimci rubutu ba da taimako ba, kuma kalmomi dubu biyu da suka fi yawan zuwa su ne kusan kashi tamanin cikin ɗari na rubutun Turanci. Mai karatu ya auna wannan da halin ɗan aji huɗu a Isa da aka miƙa wa littafin kimiyya da Turanci, alhali kalmomin Turancin da ya san ma'anarsu ba su taka kara sun karya ba.

Abin da fitina ta ci

Ana ƙirga rayuka da dabbobi da kuɗin fansa da fitinar ɓarayin daji ta ci a gabashin Sakkwato, kuma haƙƙi ne a ƙirga, tun daga kisan mutane fiye da sittin a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020 har zuwa sace Sarkin Gobir na Gatawa da rasuwarsa a hannun ɓarayin a watan Agustan 2024. Akwai kuma wata asara da ba ta shiga rahoto. Tun daga 2019 dubban iyalai suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wasu aka zaunar da su a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori, wasu suka cunkushe a cikin garin Isa da Sabon Birni da unguwannin Sakkwato.

Yaron da aka haifa a gudun hijira bai ga sassabe ba, bai ga an ɗaure dami an kai rumbu ba, bai ji ana gardama a kan huɗa ba, kalmar da babu abin da za a nuna a ce ga shi kuwa ba ta daɗewa a baki. Kakar da za ta yi masa tatsuniya wataƙila ta rasu a hanya ko tana wani gari, uwar da ta wuni neman abin sawa a tukunya ba ta da sauran zance da dare, dandali kuma tsoro ya rufe shi. A madadin haka yara sun ƙware a wasu kalmomin, sun san infoma da 'yan sa-kai da harajin ɓarayi, suna rarrabe bindigogi da ƙararsu. Waɗanda suka ƙetara iyaka kuma sun shiga lakwal, suna ce wa malami mushe, sun fara wani baƙon harshen daga tushe.

Yadda za a koyar

Abin da ya kamata a yi ba ya bukatar gini ko na'ura. Na farko, malami ya karanta wa yara labari da babbar murya kowace rana, da Hausa, ya zaɓi kalma uku ko huɗu ya tsaya a kansu, ya faɗi ma'anarsu da maganar yau da kullum, ya sa yara su kawo misali daga gidajensu. Isabel Beck da abokan aikinta sun ba da shawarar kada a ɓata lokaci a kan kalmomin da yaro zai tsinta da kansa, kada kuma a fara da na ƙwararru, a fi ba da ƙarfi ga na tsakiya, waɗanda ke yawo a kowane fanni, irin su dalili da sakamako da kwatanta da sharaɗi da ƙiyasta.

Sai bita, wadda ba a yi a rana ɗaya. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri guda, abin da kowane gardi mai tilawa ya sani a aikace. Kalmar Litinin ta dawo Laraba, ta dawo mako mai zuwa, kowane zuwa a cikin sabuwar jimla.

Hausa kuma tana da sarfunta da ke ninka wa yaro abin da ya samu: wanda aka nuna wa yadda ƙira ta haifi maƙeri da maƙera da ƙerarre, zai buɗe wa kansa marubuci da rubutacce, da ma'auni da ma'aunata. Idan aka zo Turanci, a bi sunnar zaure, a ba da ma'ana da Hausa ba tare da jin kunya ba, a fara da kalmomin da suka fi yawan zuwa, sannan a ƙara abin da zaure ya bari, wato a sa yaro ya yi magana da kalmar, ya tambaya da ita, ya amsa da ita. Hana yin Hausa a aji, da tarar da ake ɗora wa wanda ya yi, ba ta ƙara wa kowa Turanci ba, shiru kawai ta ƙara.

Iyaye kuma, ko ba su yi boko ba, rabonsu ya fi na malami. Uba ya tafi da ɗansa inda yake sana'a ya riƙa kiran kayan aiki da sunayensu, uwa ta tambayi 'yarta abin da ta gano a hanya ta kuma saurari amsar, a bar yaro ya yi tambaya ba a ce masa ya cika surutu ba.

Saura kira ga Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato, da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari: a tura ɗalibai su zauna da dattawan Gobir, maza da mata, su ɗauki kalmomin noma da su da kiwo da saƙa da fada daga bakinsu, tare da tatsuniyoyin da ke ɗauke da su, a buga su a ƙananan littattafan karatu masu arha, kalmar gida a gefen ta littafi, a raba wa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira. Dattawan suna nan da ransu a Isa da Sabon Birni da Sakkwato da Maraɗi, kuma aikin bai wuce waya mai ɗaukar murya da littafin rubutu da ɗalibi mai haƙurin zama ba.